Dillalin da Ke Bin Gidajen Makoki

Akwai wani mutum, dillalin gidaje, wanda yakan bi unguwa ƙofa ƙofa yana tambaya, "Maigida, ko za a sayar?" Yawanci a'a ake ce masa. Sai ya koyi wata dabara, ya riƙa lura da inda aka kafa rumfar makoki. Ba ya zuwa ran jana'iza. Yakan jira sai an kwance rumfa, an naɗe tabarmi, baƙi sun watse.

A haka ya isa gidan wani tsoho manomi wanda bai daɗe da binne matarsa Tabita ba. Ya same shi zaune a tsakar gida, ya juya wa madafa baya.

"Baba, yaya muka ji da haƙuri?"

"Mun gode Allah, ɗana."

Bakin dillali na gaisuwa, idonsa na auna faɗin fili. Can ya ce, "Baba, gidan nan ya yi maka girma. Ko'ina ka duba, ita za ka gani. Ka sayar ka huta."

Maganar ta shiga zuciyar tsohon. Maƙwabciyarsa, Maman Istifanus, wadda takan kawo masa kunu kowace safiya, ta ji labari ta zo da sauri.

"Haba Baba! Ka bari ko damina ɗaya ta wuce mana."

"Na gaji da ganin murhunta," in ji shi. Ya sa hannu a takarda.

Ya kama ɗaki a birni. Baƙin cikin ya bi shi har can, sai dai a can in ya ambaci Tabita, akan ce, "Wace ce?" Da ya kasa jurewa ya dawo, ya tarar da shaguna a jere a inda gidansa yake a dā. Ya tsaya a bakin titi, bai ma gane inda ɗakinta yake a dā ba.

Ku ji ma'anar wannan misali. Gidan nan bangaskiyarku ce, da zumuntarku da 'yan'uwa. Dillali shi ne Mugun, wato Shaiɗan. Ya san ba zai same ku cikin taro ba, shi ya sa yakan zo bayan an watse, da murya mai taushi, ya ce ku rabu da addu'a da sujada, ai tuna muku da rashin da kuka yi kawai suke yi.

Ni ma na binne tawa matar a watan Maris. Mugun ya zo mini, na kuwa saurare shi, na yi Lahadi uku ban zo coci ba. Har yau in aka ɗauko waƙar da take so, ba na iya buɗe baki. Amma ina nan zaune a bencina, 'yan'uwa suna rerawa a madadina.