Gonar Kokon da Aka Share Tas

A wani ƙauye da ke tsakanin kogi da katafariyar gonar roba ta kamfani, akwai wani mutum da ake kira Fes. Ba malalaci ba ne, ba kuma macuci ba. Aibinsa guda ne: duk abin da idonsa bai ga amfaninsa ba, shara ne a wurinsa, wanda kuma ya ce masa ba haka ba ne, to bagidaje ne. Shekara goma sha biyu ya yi yana kula da lambun gidan manajan kamfani, inda ake aske ciyawa kamar suma. Can ya samo sunan, can kuma ya samo halin.

Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gonar koko, wato itacen da ake yin cakulan da 'ya'yansa. Su uku ne magada: yayarsu mace, sai Fes, sai Auta. Kamfani ya daɗe yana kwaɗayin gonar, domin ta tokare hanyar da motocinsa ke son bi zuwa kogi. Auta na so a sayar. Fes ya ce sai dai bayan ransa.

"To ka ji sharaɗina," in ji Yaya, ran da suka zauna a barandar gidan. "Ka riƙe ta shekara biyu. In ta ciyar da gidaje ukun nan kamar yadda ta yi a hannun Baba, ta zauna. In ta kasa, zan sa hannu tare da Auta."

"Shekara biyu ai ta yi yawa, Yaya," in ji Fes. "Baba da ya bar ta kamar juji ma ta ba shi. Ina ga an gyara ta?"

Auta ya yi dariya ya ce, "Ka sa mata labule ma, ranka ya daɗe."

Gaskiya ne gonar ba ta da kyan gani. Ruɓaɓɓen ganye ya kai idon sawu. Ɓawon kokon da aka fasa bara yana nan tsibi-tsibi, ya yi baƙi. Kututturan ayaba da aka sare suna kwance tsakanin bishiyoyi suna tsatsar ruwa. Fes ya ajiye aikinsa, ya sayo manjagara biyu, ya shiga. Ya tattara ganyen ya ƙone. Ya kwashe ɓawon ya zuba a kogi. Ya janye kututturan ayaba zuwa bakin hanya. Cikin wata biyu ƙasar gonar ta fito ja, tas, har mutane na ratsowa su leƙa.

Gonar da ke maƙwabtaka da tasu ta gwaggonsu ce, ƙanwar mahaifinsu, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe manjagara ba. Wata safiya ta tsaya a kan iyaka tana kallonsa.

"Ɗan nan, baƙi za ka yi ne? In shimfiɗo tabarma?"

"Gwaggo, aiki ake yi irin na zamani."

"Ubanka ya ce kada a taɓa ganyen nan."

"Saboda me?"

"Oho. Shi ma haka ya tarar."

"Kin gani ko?" in ji Fes. "Ba dalili."

A nan ya kamata mai karatu ya san yadda itacen koko yake. Ba ya fure a bakin reshe kamar sauran itatuwa. Daga jikin gangar bishiyar furen ke fitowa, ƙanana, fari da ratsin ja, ko wanne bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Da ruwan farko ya sauka a shekarar nan, bishiyoyin Fes suka yi furen da ba a taɓa gani ba. Tun daga gindi har sama sun lulluɓe, kamar an yayyafa musu auduga. Yaya da kanta ta zo ta tsaya ta riƙe baki.

Bayan kwana biyu furen ya fara zuba. Ya zuba, wani ya fito, shi ma ya zuba. A jar ƙasar nan da aka share, ko wane fure ana ganinsa. Fes ya share su. Da lokacin girbi ya yi, bishiyar da ta saba ɗaukar ƙwanso talatin da ƙyar ta ɗauki uku. Gonar Gwaggo kuwa, taku goma tsakani, ƙwansuna sun yi jajur suna rataye har ƙasa.

Fes ya ce ƙwari ne suka ci masa fure. A shekara ta biyu ya ƙara shara, ya sayo magani ya feshe gonar sau huɗu, har gizo-gizo bai bari ba. Fure ya sake fitowa kamar bara, ya sake zuba. Wannan karon akwai layin bishiyoyin da ko ƙwanso ɗaya ba su riƙe ba.

Saura wata guda wa'adin ya cika, malamin gona ya zo ƙauyen zagaye. Fes ya tare shi a hanya, ya kai shi gonar. Malamin ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙasar.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne," in ji Fes, da ɗan sauran alfahari a muryarsa.

"Sannu da ƙoƙari. Zo mu je gonar tsohuwar can."

Hantsi bai daɗe da fitowa ba. Malamin ya durƙusa a gindin wata bishiyar Gwaggo, ya zaro gilashin ƙara girman abu daga aljihu, ya miƙa wa Fes. "Kalli cikin furen nan. Kada ka yi numfashi da ƙarfi."

Da farko bai ga komai ba. Can sai wani ɗigo ya motsa. Ta cikin gilashin ya ga ɗan ƙuda, wanda bai kai kan allura ba, da fukafukai da gashi a bayansa. Ya kutsa ta wata 'yar kafa a cikin furen, ya fito da gari rawaya manne a gashinsa, ya tashi ya faɗa fure na gaba.

"Shi ke barbarar koko," in ji malamin. "Ƙofar furen ta yi wa ƙudan zuma ƙanƙanta. Iska ma ba ta iyawa. Furen da ɗan ƙudan nan bai shiga ba, kwana biyu ya faɗi. Kuma ba ya haihuwa sai a cikin ruɓaɓɓen ganye, da tsohon ɓawo, da jiƙaƙƙen kututturen ayaba."

Fes bai ɗago kai ba. Rufin kwanon gidajen ƙauyen, da baburan da ke hanya, da takalman makarantar yara, da jiragen ruwan da ke kai buhuna ƙasashen da bai taɓa gani ba, duk ashe a bayan wannan ɗigon suke tafiya. Gwiwoyinsa suka jiƙe da ruwan ganye bai sani ba.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo, da aka ba ta gilashin. "Shekara sittin ina kore su daga fuskata."

"Malam, in na mayar da ganyen fa?" in ji Fes.

"Za su dawo, amma ba bana ba. Ganye sai ya taru, sai ya ruɓe. Ƙasar ma ta sha rana, ga magani. Ka ba ta shekara biyu ko uku."

Yaya ta saurari bayanin duka, sannan ta ce, "Na yarda da kai yanzu. Amma shekara biyu yarana suna cin rabin ciki, matar Auta ga ta da goyo. Ba ni da wasu ukun da zan ba ka." Ta sa hannu.

Ran da katafilar kamfani ta zo, kafin azahar ta gama tumɓuke abin da mahaifinsu ya yi shekara talatin yana reno. Fes bai je kallo ba. Yaya ta same shi durƙushe a gonar Gwaggo, da gilashin da malamin ya bar masa.

"Yaya, zo ki ga wanda ya ciyar da mu tun muna yara."

Ta tattare zaninta ta durƙusa kusa da shi. Ta daɗe tana kallo, ƙarar katafila na tashi a bayansu.

"Kuma ko sau ɗaya ba mu taɓa ce masa sannu ba," in ji ta.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, rashin sanin amfanin abu ba hujja ba ce cewa ba shi da amfani. Fes bai rasa gadon ubansa don lalaci ba. Ya rasa shi ne da guminsa, saboda ya ɗauka iyakar ganinsa ita ce iyakar duniya. Idan ka gaji gona, ko sana'a, ko gida, ka tarar da abin da na gabanka suka bari ba su faɗi dalili ba, ka nemi dalilin kafin ka ɗauki manjagara. Sau da yawa abin da ke riƙe da arzikin mutum ya fi ƙarfin idonsa ƙanƙanta, kuma rushe shi aikin wata biyu ne, mayar da shi kuwa yakan ci lokacin da ba kowa ake ba shi ba.