Sunan da Saje Mamuda Bai Faɗa Ba

Saje Mamuda ba ya cikinmu yanzu. Bencinsa na ƙofar gida yana nan, babu mai zama a kai. Ɗan ƙanena ne, a gabana ya yi rarrafe, a gabana aka rufe shi. Ku matso kusa, akwai maganar da ya bari, ta fi ƙarfin matarsa Lanti.

Mamuda ya yi shekaru a soja yana harba igwa, babbar bindigar nan da mota ke ja. Ya dawo gida babu ko ƙwarzane. Lanti ta dube shi sama da ƙasa ta yi hamdala. Ba a jima ba ta fara ganin abin mamaki. Sai ya yi ta neman buta, alhali tana hannunsa. Ya tayar da sallah ya rasa raka'a ta nawa yake. In maƙwabciya ta buga taɓarya a turmi, sai ya dafe kai ya hau zagi, shi da ko akuya bai iya yi wa tsawa ba a da. Lanti ta yi ta tambayar kanta: ta ina ciwo ya shiga jikin da ba a huda ba?

Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce ƙwaya ya koyo a bariki. Wansa Shu'aibu ya kai shi gidan mai magani, aka sa masa mari a ƙafa.

Ana haka Kofur Haladu, abokin aikinsa, ya zo gaisuwa. Da ya ga ƙarfe a ƙafar Saje sai ya ce, "Yaya Shu'aibu, aljanin nan na san shi, mu muke zuba masa harsashi. Duk harbi ɗaya kanka sai ya girgiza kamar ruwa a gora. Ni ma kunnena har gobe kuka yake." Bai bar gidan ba sai da aka kwance marin. Ya ɗauki Mamuda zuwa asibitin birni, likita ya ce gaskiya ne, girgizar ce ta ji wa ƙwaƙwalwa ciwo daga ciki. Ya ba da magani, ya ce a nisanta shi da ƙara. Ba don Haladu ba, da a ɗaure zai ƙare.

To, ina za a samu shiru? Bangon ɗakin Mamuda a jingine yake da injin niƙan Hambali. Ba wanda ya roƙi Hambali. Da kansa ya kwance injinsa ya mayar da shi bayan gari, inda rabin masu kawo masa niƙa suka daina zuwa. Ya bi gidaje yana lallashin mata su riƙa daka a can gindin kuka. Ya je wajen sarkin baka ya ce a daina buga bindiga a unguwar ranar biki. Mata suka sa masa suna Sarkin Shiru, ya ce ya karɓi sarautar. Ciwon kai ya lafa, magani ya samu wurin zama. Ba don Hambali ba, da maganin likita ya tashi a banza.

Amma Mamuda ya ƙi fita. Fatiha ma ta fara kuɓuce masa, kunya ta hana shi masallaci. Shu'aibu, wanda ya sa aka ɗaure shi, shi ne ya zo ya zauna a bakin ƙofarsa yana biya masa kamar ɗan makaranta. Kowace sallah sai ya biyo masa, su tafi masallaci su tsaya kafaɗa da kafaɗa. In Mamuda ya ɓata hanya, Shu'aibu ne ke nemo shi. Ya yi ta shan zagi, wata rana har mari a fuska, bai fasa ba. Ba don Shu'aibu ba, da Mamuda ya samu sauƙi a ɗaki, ya mutu a ɗaki, ba wanda ya sake jin dariyarsa.

Da Lanti ta samu ciki, wata rana suna cin abinci ya ce mata, "In namiji ne, a sa masa sunan mutumin da ya dawo da ni cikin mutane."

Ta ce, "Wanne daga ciki, Saje?"

Ya ɗaga yatsa, ya buɗe baki, ya tsaya. "Yana nan a bakina. Bari, zai dawo."

Da ta sake tambaya washegari, sai ya yi dariya ya ce, "Wace magana kuma?"

Kafin kaka farfaɗiya ta kayar da shi a gona, bai tashi ba. Ku taya ni addu'a, Allah Ya jiƙansa, Ya ba shi hutun da kansa bai samu a nan ba. Ku ce amin.

Lanti ta haihu, namiji. Jibi suna, rago yana ɗaure. Ta ce min, "Baffa, duk wanda na tuna a cikinsu sai in ga shi yake nufi."

To, ku da kuka ji: Haladu, Hambali ko Shu'aibu, sunan wa za a raɗa wa yaron nan?