Zabuwa Mai 'Ya'ya Wajen Goma

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu kunnen ƙashi."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Za ku ji ta kuwa. Lantana, matso nan gabana, don ke na ɗauko ta. Ɗazu na tambaye ki yara nawa kuka dawo daga ɗiban ruwa, kika ce mini wajen goma, wai haka malam ya koya muku, lamba in ta kusa goma sai a cika ta. Alhali ku goma kuka tafi, tara kuka dawo, ga ƙaninki Ɗantani can yana barci a gindin tsamiya har aka kira magariba. Ban ce malam ya yi ƙarya ba. Ku dai buɗe kunne.

Wata Zabuwa ce, mai rawar kai, ba ta iya jin magana har ƙarshe. Wata rana tana kiwo sai ta tarar da Tururuwa a bakin raminta tana lissafin geron da ta tara. Sai ta ji Tururuwa tana cewa, "Wannan tarin tsaba talatin da takwas, arba'in ke nan. Wancan sittin da uku, sittin ke nan. Arba'in da sittin, ɗari."

Sai Zabuwa ta ce, "Ke 'yar tsito, wane irin ƙirge ne wannan?"

Tururuwa ta ce, "Na masu aiki da yawa ne. Abin da ya hau kan goma, in ya kai biyar sai ki cika shi, in bai kai ba sai ki zubar. Ƙirgen gaske ɗari da ɗaya ne. To tsaba ɗaya tana hana tuwo?"

Zabuwa ta ce, "Kai! Ashe wahalar banza nake sha!"

Tururuwa ta ce, "Amma tsaya, akwai abin da ba a yi wa..."

Ina! Zabuwa ta riga ta yi gaba tana tsalle. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji mutanen da.

Ana nan, damina ta faɗi, sai Zabuwa ta ƙyanƙyashe 'ya'ya goma sha huɗu. Ta dube su, ta ce, "Huɗu ba ta kai biyar ba, a zubar. 'Ya'yana goma ne."

Maƙwabciyarta Kaza ta ce, "Ƙawata, goma sha huɗu na gani."

Zabuwa ta ce, "Ke dai ba ki yi karatu ba."

Da gari ya waye sai ta kwashe su, ta shiga ciyawa tun raɓa ba ta bushe ba. Tana gaba tana zabga sauri, ko waiwaye babu. 'Ya'ya suna baya sun jiƙe sharkaf. Sai uku suka kasa, suka kwanta cikin ciyawa. Da yamma ta dawo bakin akurki, ta ƙirga, ta ce, "Goma sha ɗaya, goma ke nan. Da safe goma, da yamma goma. Alhamdu lillahi."

Sai Kaza ta ce, "Ƙawata, ina mai ɗan zane a ka? Ina ƙannenta biyu?"

Zabuwa ta ce, "Lissafi ya cika, kada ki dame ni."

Sai autar cikinsu, wata 'yar mitsitsiya, ta ce, "Inna, na ji kukansu a baya."

Zabuwa ta ce, "Yi mini shiru. Kin fi Tururuwa sani ne?"

Ku ji fa! Ni wallahi in na zo nan wurin sai raina ya ɓaci. Ƙirgen ta iya shi sarai, ba ta taɓa kuskure ba. Sai ta gama tsaf, sannan ta sa ƙafa ta share.

Washegari sai ta kai su fili, fetal, babu ko ɗan kurmin da za a laɓe. Sai shirwa ta zo ta sure ɗaya. Ta dawo ta sure wani. Zabuwa tana can ta sa kai cikin suri tana cin gara. Kafin la'asar shirwa ta yi sawu huɗu. Da yamma Zabuwa ta ƙirga, ta ce, "Bakwai. Bakwai ta wuce biyar, a cika. Goma ke nan. Jiya goma, yau goma."

Kaza ta buga fiffike, ta ce, "Haba baiwar Allah! Dubi ƙarƙashin fiffikenki, rabi fanko ne!"

Zabuwa ta ce, "Hassada ce ke cin ki."

Auta ta ce, "Inna, shirwa ce. Na gan ta da idona."

Zabuwa ta ce, "Da ta ɗauka, ai da lissafi ya ragu."

Wa ke dariya can? Barau, kai ne? Uwa ta rasa 'ya'ya bakwai kana washe baki. Rufe shi kafin sauro ya shiga.

Rana ta uku sai ta ce yau ƙetaren ƙorama za su, can ne fara take. An kwana ana ruwa, ƙorama ta kawo. Kaza ta ce, "Kada ki je." Zabuwa ta yi tsaki. Ta isa bakin ruwa, ta buɗe fiffike, fir, ta ƙetare abinta. 'Ya'ya suka ga uwa ta ƙetare, sai suka faɗa. Ruwa ya tafi da uku. Huɗu suka maƙale a jikin wani reshe, da ƙyar suka fito, Auta tana cikinsu.

Da yamma Zabuwa ta tsaya ƙirge. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu." Ta sake ƙirgawa. Huɗu dai.

Sai ta ce, "Huɗu ba ta kai biyar ba. A zubar." Sai ta ɗora fiffike a ka, ta kurma ihu, "Wayyo ni! Jiya goma, yau babu! Ba ni da ko ɗaya!"

'Ya'yan suka ce, "Inna, ga mu nan."

Ta ce, "Ba ku kai biyar ba."

Auta ta matso har jikin ƙafarta, tana rawar sanyi, ta ce, "Inna, ni ɗaya ce, amma ai ni ce."

Zabuwa ko kallonta ba ta yi ba. Ta tsallake ta, ta nufi daji tana kuka tana cigiyar 'ya'ya goma.

Sai Kaza ta fito. Ta ɗaga fiffike, ta ce, "Ku shigo ɗaya bayan ɗaya, in ga fuskar kowa." Suka shiga, ta rufe su.

Shi ya sa har yau in zabuwa ta yi ƙwai ba ma barin ta da shi, kaza muke sa wa. Kukan nan kuma da kuke ji tana yi ba dare ba rana, har kan mutum ya yi ciwo, cigiya ce.

Ƙurunƙus kan kusu, ba don dare ya yi ba da na ƙara muku wata mai zafi.

Lantana, daina kukan, ai an samo shi. Gobe in na ce ki dubo mini damin dawa a rumbu, ki ce wajen arba'in, zan ce madalla, kin hutar da ni. Amma mai rai ba a yi masa "wajen". Wannan ce maganar da Tururuwa ta so ta ƙarasa.

To ku tashi, kowa ya wuce ta gabana. Barau. Kande. Jatau, na gan ka, daina laɓewa. Tasalla. Ina Ɗantani?

"Ga shi a bayana, Kaka, na goya shi. Ya yi barci."

Juyo da shi, Lantana, in ga fuskarsa.