Abin da Jatau Ya Rufe da Hula

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can zamanin majigi, ana ce masa Jatau. Ku saurara da kyau.

Jatau ya haɗa wani fim, ba labari, ba waƙa, ba jarumi. Hannuwan mata ne kawai suna kaɗi, mazari na juyawa, auduga na zama zare. In ya haska a dandali sai mutane su ja tsaki su watse, suna cewa ko akuya ba za ta tsaya kallon wannan ba.

To, a tsakiyar fim ɗin akwai wani wuri. Wata tsohuwa, Iya Tabawa, tana cikin kaɗi ta tuna ɗanta da ya rasu, kuka ya ƙwace mata, ɗankwalinta ya zame, na'ura kuwa na ɗauka. Ta roƙe shi kada idon kowa ya gani, ya yi mata alkawari. Tun daga ranar, duk sanda faifan ya zo wurin, sai Jatau ya cire hularsa ya rufe bakin majigin har ya wuce.

Kwanci tashi, Iya Tabawa ta riga mu gidan gaskiya. Jatau ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani, ba halin asibiti. Sai ga baƙi daga nesa, masu tara tsofaffin finafinai. Su wanda ba a sani ba suke nema, na Jatau kuwa ƙwaya ɗaya ne a duniya, kuma labarin hular nan ne ya kawo su. Suka ce za su ɗauki nauyin aikin idonsa, muddin ya ba su faifan cikakke. Ya ce ban da wurin nan.

Babbansu ya ce, "Baba, matar nan fa ta mutu. Wa zai sani?"

Jatau ya ce, "Ita ta mutu. Wanda ya ji mu ranar bai mutu ba."

Ya laluba ya ɗauko almakashi, a gabansu ya yanke wurin ya jefa a murhu. Suka ce ya lalata abin, suka kama hanya. Da sandar makafi Jatau ya ƙarasa rayuwarsa, ba a taɓa jin ya ce da na sani ba.

Jama'a, amana ba ta mutuwa don mai ita ya mutu. Yau kowannenmu da majiginsa a aljihu. Wata ta yi kuka a gidan makoki, ka ɗauka, ka tura. Wallahi ni kunya nake ji. Jatau ya ba da idanunsa don kada a ga hawayen tsohuwa ɗaya. Kai da ke zaune nan, ina taka hular?