Cikon Tsakar Gidan Inna Balki

Akwai wani mutum a birnin Tawa mai suna Attahir, sana'arsa fasa matattun batura. Na mota ne, na babur ne, na sola ne, duk wurinsa ake kai su. Ya sa gatari ya fasa, ya tuttular da ruwan a ƙasa, ya narka dalmar da ke ciki ya sayar wa fatake. Abin da ya rage, wata baƙar toka mai nauyi, sai ya riƙa zuba ta bayan rumfarsa har ta yi tudu, a tsakiyar unguwa kuwa.

A ba shi haƙƙinsa, mutumin ba marowaci ba ne, kuma yana ji da mahaifiyarsa. Amma taurin kai, wayyo! In ya kafe a kan magana, ko limamin unguwa sai dai ya haƙura.

Wata rana wata jami'ar hukumar kula da muhalli, Madam Salamatu, ta zo ta tsaya a gaban tudun nan ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Malam Attahir, wagga toka guba ce. Babba yana iya shekaru bai ji komi ba, amma ƙaramin yaro in ya kai ta baki, ƙwaƙwalwa take taɓawa. Doka ta ce a zuba ta a ganguna a rufe, mu kai ta wurin da anka killace bayan gari. Kai kuma ka fidda aikinka daga cikin mutane. Za mu komo da mota."

Attahir ya ƙyalƙyale da dariya. "Madam, tun kina ƴar makaranta a lakwal nike shaƙar hayaƙin ga. Dube ni, mi ya same ni?"

Ta ce, "Ba don kai nike magana ba."

Da ta tafi dariyar ta ɗauke. Ya san in aka zo da mota a gaban maƙwabta ana kwasar tudun nan, sunansa ya zama mai guba, kuma rumfar ta rufu ke nan. To, in an zo ba a tarar da komai ba fa? Ba rami, me ya kawo maganar rami?

Nan ya tuna da mahaifiyarsa, Inna Balki, can wani ƙauye kusa da Bambeye. Tsakar gidanta kwari ce, duk damina ruwa kwanciya yake yi, bara ma santsi ya kwashe ta har ta gurɗe ƙafa. Ga damina ta ƙarato. Ya ce a ransa faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ya ɗauko motar yashi aka loda tokar tas. A ƙauye aka baje ta, aka bi ta da marmara da yashi, matan maƙwabta suka taru suka daɓe wurin suna waƙa. Tsakar gida ta tashi ta yi fes. Inna Balki ta kama hannun ɗanta tana hawaye.

"Allah shi yi maka albarka, Attahiru. Yadda ka tsamo ni daga taɓo, Allah shi ba ka masu yi maka."

Mutanen ƙauye suka ce wannan ita ce haihuwa mai rana. Gogan naku ya karɓi addu'a, ko kunya bai ji ba.

Madam Salamatu ta dawo da mota da ganguna, ta tarar da fili a share.

"Ina ka kai ta?"

"Iska ta kwashe."

"Malam Attahir, don Allah. Ba tara nike nema ba. Ka gaya mini inda take, ko a ɓoye ne."

Ya juya mata ƙeya ya ci gaba da aikinsa.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Matarsa Raƙiya ta samu ciki, ga ɗansu Rashidu yana kan nono. Yaro ne mai kuzari, ya fara gudu, yana cewa "Baba" da "ruwa". Dole a yaye shi. Ku kuwa kun san al'ada: yaye gidan kaka ake kai shi, yaro ya zauna can har ya manta da nono.

Attahir da kansa ya kai shi. Da ya sauke yaron a tsakar gidan, sai ya dubi ƙasar. Maganar jami'ar nan ta dawo masa sarai. Amma ya ce ai an rufe da yashi, ai ruwan damina ya wanke. Kuma da wane baki zai gaya wa uwarsa cewa abin da ta sa masa albarka a kai shara ce ya rasa inda zai ɓoye? Ya haɗiye maganar, ya hau babur ya koma Tawa.

Jama'a, a nan ne raina ke ɓaci. Kalma ɗaya ce fa.

Wanda ya taɓa renon yaron yaye ya san halinsu: duk abin da hannu ya taɓa, baki. Kaji sun tone yashin, tsintsiya ta ci saman daɓen, baƙar ƙasa ta leƙo. Rashidu ya zauna ya yi ta tona yana tsotsa. Ƴaƴan maƙwabta ma nan suke yini, don babu gidan da ya kai wannan daɗin wasa.

Aka fara da kuka da ƙin abinci. Inna ta ce kewar uwa ce. Amai ya biyo baya, aka ce haƙora ne. Yaron da ke gudu ya koma rarrafe, daga nan ya daina ko rarrafen. Ranar da jijjiga ta kama shi, idanu suka kafe, sai aka ɗauko shi a guje zuwa asibiti a Tawa.

Aka yi maganin zazzaɓi, shiru. Likita ya kira iyayen ya ce, "Akwai mai aikin batir ko narka ƙarfe inda yaron ga yake zaune?"

Raƙiya ta ce, "Babanshi na yi, amma can rumfa. Yaron ma ba ya gari, yana ƙauye wurin kakarshi. Can ko wutar lantarki babu."

Likita ya dubi Attahir. Attahir ya dubi ƙasa. Likita ya koma neman ciwon a wani wuri.

Sai da aka kawo wasu yara biyu daga ƙauyen nan da irin wannan jijjiga, ɗaya ta cika tun a hanya, sannan Attahir ya kasa ci gaba da ɓoyewa. Ya durƙushe a ƙofar likita ya faɗi komai. Raƙiya tana tsaye tana ji. Ba ta yi kururuwa ba, ta dai ja mayafinta ta matsa daga kusa da shi.

Aka aika jini Yamai, aka samo maganin da ya dace. Likita ya ce sun yi abin da za su iya, amma an makara.

Hukuma ta je ƙauyen da ganguna, aka tasa Attahir gaba ya nuna wurin. Ma'aikata sun rufe hanci da baki suna haƙe tsakar gidan, Madam Salamatu tana bi gida gida tana tara yara a gwada su. Ko kallon Attahir ba ta yi ba. Mutanen da suka yi masa addu'a a bara suna tsaye a bakin darni, har da uban yarinyar da aka binne.

Rashidu ya rayu. Amma ba ya gani, ba ya tafiya, in an kira sunansa ba ya juyowa.

Kafin jami'an tsaro su tafi da Attahir, ya roƙa a bar shi ya gaida uwarsa. Ya same ta a gindin itacen bedi a waje, jikan yana kwance a cinyarta. Ya durƙusa, ya so ta zage shi, ya so ta tsine masa ma, ko ya ji sauƙi. Ba ta ɗago kai ba.

Ta ce, "Kullum da safe ni nike ɗaukar shi in zaunar da shi wurin. In ya rarrafa waje in maido shi. Cewa nike, zauna nan, ɗan jikana, nan ya fi tsabta, babanka ya gyara muna."

Darasi: Guba ba ta daina zama guba don an rufe ta da yashi. Dokar zubar da shara mai haɗari ba don a tozarta mai sana'a aka yi ta ba, don waɗanda ba su san abin da suke sawa a baki ba ne. In kana da irin wannan shara, miƙa ta ga hukuma. In ka riga ka yi kuskure, faɗi tun faɗar tana da amfani, kunyar yini ɗaya ba ta kai ran yaro ba. Ku tura wa ƴan uwa, musamman masu aikin batir da masu cike gida da ƙasar da ba su san asalinta ba.