Kundin Tarihin Hattie

Akwai wata mata a wani ƙauye na jihar Pennsylvania a ƙasar Amurka, sunanta Lorna Brubaker. Na daɗe ina zaune a cikin mutanen nan, amma ban taɓa ganin mai ji da kanta kamar matar nan ba.

Lorna a gida take karantar da 'yarta Hattie, yarinya 'yar shekara tara. Mijinta Vernon, direban tankar madara, tun farko bai so haka ba. Shi dai a kai yarinya makaranta kamar 'ya'yan kowa. Sai da Lorna ta ajiye aikinta a asibitin haƙori, ta kasa ta tsare, sannan ya sauko. Amma ya gindaya sharaɗi.

"Shekara ɗaya na ba ki," in ji shi. "In malamar tantancewa ta sa hannu a ƙarshen shekara, ki ci gaba. In ba ta sa ba, Hattie ta tafi makaranta. Kuma kar ki zo min da kuka."

Dama haka tsarin yake a nan. Duk mai karantar da ɗansa a gida, ƙarshen shekara sai ya kai aikin yaron gaban wani malami ya duba, ya zanta da yaron, sannan ya sa hannu.

Lorna ta yi dariya. "Ka ajiye sharaɗinka, Vernon. Za ka sha mamaki."

Darasin tarihi kuwa da kundi ake yin sa. Uwa ta karanta wa yaro babi ɗaya, ta rufe littafi. Yaro ya faɗi abin da ya ji da bakinsa, ya rubuta da nasa kalmomin, ya zana taswira ko hoto. A huda takardar a jera a kundi. Ko rubutun ya karkace, ko zanen ya yi muni, ba komai, tunda daga kan yaron ya fito.

A makon farko Hattie ta yi shafinta a kan mutanen Misira. Ta zana kogi, ta zana wani kada da ya fi jirgin ruwa girma, ta rubuta layi uku masu hawa da sauka. Ta kawo wa uwarta da gudu tana murna.

Lorna ta riƙe takardar da yatsu biyu. "Wannan shirmen zan nuna wa mutane?"

"Ni na yi, Mama."

"Ai na ga alama."

Ta buɗe murhun itace ta jefa ta ciki.

Daga ranar ta fito da nata salon. Ita za ta tsara jimlolin, ta rubuta su da fensir sama-sama, Hattie ta bi sawu da biro, sannan uwar ta sa abin gogewa ta share fensirin. Taswira kuwa ita ke kafa takarda a gilashin taga ta kwafo, Hattie ta cika launi inda aka nuna mata. Idan yarinya ta buɗe baki za ta ba da labarin abin da aka karanta, sai Lorna ta katse ta.

"Ba haka ake cewa ba. Yi shiru ki rubuta."

A ganin Lorna wannan ba ha'inci ba ne. Ai hannun Hattie ne a takardar. Kuma can ƙasan ranta tsoro ne fal, kada Vernon ya ce ta gaza, kada dangin miji su samu abin faɗa. Shi ya sa duk ranar da shafi ya fito tsaf, sai ta ji kamar an sauke mata kaya.

Duk Juma'a iyayen da ke karantarwa a gida sukan haɗu a ɗakin ƙasa na coci. A sha kofi, a ci kek ɗin tuffa, a baje kundayen yara a kan tebur. A nan Lorna take baje kolinta. Kundin Hattie kowane shafi a cikin leda, sai ka rantse daga maɗaba'a ya fito.

A nan kuma take haɗuwa da Rhoda, ƙanwar Vernon. Su biyun ba sa ga-maciji tun ranar bikin Lorna da Vernon. Rhoda matar manomi ce, shanu take tatsa kafin gari ya waye, kuma ita ma bakinta ba ya shiru. Ɗanta Amos shekararsa goma. Kundinsa ya kumbura, gefen takardun ya nannaɗe, wani shafin da tabon madara, wani har da sawun ƙafar kyanwa.

Wata Juma'a cikin watan Maris, Lorna ta ɗaga kundin Amos sama a gaban mata takwas.

"Ku zo ku ga ikon Allah. Rhoda, wannan kundi ne ko shimfiɗar kaji?"

Wasu suka ƙunshe dariya. Amos yana tsaye a gefe, kunnuwansa suka yi ja.

Rhoda ta ajiye kofinta. "Ajiye masa abinsa, Lorna."

"Daga faɗin gaskiya? Dubi yadda ya rubuta Rumawa. Kuskure biyu a kalma ɗaya. Haka za ki saki yaro ya tashi jahili, ki ce kina koyarwa?"

"Jahilin nan shi ya rubuta abinsa. Ke fa, wa ya rubuta naku?"

Matan suka juyo suna kallon Lorna. Ita kuwa ta dake.

"Me kike nufi?"

"Abin da kika ji. 'Yar shekara tara ce ke rubuta 'bunƙasar tattalin arzikin daula'? Ranar nan na tambaye ta mene ne daula, ta ce wani irin abinci ne."

"Baƙin ciki ne ke cin ki. Tun da na shigo gidanku kike min hassada."

"Hassadar me? Ta leda?"

Nan fa Lorna ta hau. Da ta yi shiru ta koma gida, da wataƙila ta tsira. Malamar da yawancin matan suke kai wa tsohuwa ce mai sanyin hali, ta ɗan buɗa kundi, ta shafa kan yaro, ta sa hannu. Amma Lorna so take ta kunyata Rhoda a bainar jama'a.

"In kin isa, mu kai su wurin Misis Detweiler," in ji ta. "Rana ɗaya, tebur ɗaya. Mu ga wanda za ta sa wa hannu."

Kowa ya san Misis Detweiler. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyarwa kafin ta yi ritaya, kuma ba ta san alfarma ba.

Rhoda ta ɗauki kundin ɗanta ta rungume. "Ki sa rana."

Da Vernon ya ji labari, ransa ya ɓaci. "Ke da ƙanwata ba za ku bar ni in huta ba? Yanzu yaran kuka mayar zakarun dambe?"

"Ita ta fara. Kai dai ka zuba ido."

Watanni biyun da suka rage, Hattie ba ta ga hutu ba. Lorna ta ƙara shafi arba'in. Yarinya ta yi ta bin sawun fensir har ɗan yatsanta ya yi kanta. Ta daina tambaya, ta daina zane ko a bayan takarda. Lorna ta lura da shirun, sai ta ce ai nutsuwa ce ta zo mata.

Ranar ta zo, wata safiyar Talata a watan Mayu, a ƙaramin ɗaki na laburaren gari. Misis Detweiler ta zauna da tabarau a kan hanci. Iyayen biyu suna jikin bango, kowacce ta kau da kai daga 'yar'uwarta.

Aka fara da Amos. Malamar ta buɗe kundin, ta ɗan yamutsa fuska.

"Saurayi, rubutunka yana buƙatar aiki, ka ji ko? Mene ne wannan ka zana?"

"Hanyar Rumawa ce, Misis. An yanka ta ne don a ga ciki. Manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a sama. Tsakiyar ta fi tudu saboda ruwa ya gangare gefe. Na ce wa Baba ya yi wa hanyar garkenmu haka, ya ce in bari sai na girma."

Ta tambaye shi ɗaya, ya ba ta biyar. Sai da ta ɗaga hannu ta tsayar da shi. Ta jawo takarda ta sa hannu, ta ce wa Rhoda, "Ki matsa masa a kan haɗa baƙi. Sauran lafiya lau."

Lorna ta taɓe baki. A ranta ta ce, in wannan tarkacen ya wuce, nawa ai sai an tafa.

Hattie ta zauna. Misis Detweiler ta buɗe kundin, ta yi ta juya shafuka. Can ta dubi yarinyar.

"'Yan mata, wane shafi kika fi so?"

Hattie ta waiga wurin uwarta.

"Ni za ki kalla, ba mamanki ba. Wanne kika fi so?"

"Duk wanda kika ce, Misis."

Malamar ta tsaya a wani shafi mai taswirar teku. Ta rufe shi da tafin hannu. "Kin rubuta shafi biyu a kan yadda Girkawa suke zaɓen shugabanni. Ba ni labari. Da bakinki kawai, ko yaya ne."

Hattie ta zuba wa tebur ido.

"Tana jin kunya ne," in ji Lorna. "Hattie, faɗa mata mana, ai kin sani, mutanen birnin suna taruwa..."

"Misis Brubaker, in kika ƙara magana za ki jira a waje."

Ta sake gwada wani shafin, da wani. Hattie ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta. Sai malamar ta zare takarda ɗaya daga leda, ta ɗaga ta saitin taga. Sawun fensirin da aka goge ya fito ƙarƙashin kowane harafi.

Ta sassauta murya. "Hattie, yaya kuke yin shafin nan a gida? Ba laifinki ba ne, faɗa min."

"Mama ce take rubutawa da fensir, ni kuma in bi."

"Naki na kanki fa?"

"Nawa ba kyau. A murhu ake sawa."

Lorna ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Misis Detweiler ta rufe kundin, ta tura shi gaban Lorna. "Kin iya tarihi, Misis Brubaker, ba shakka. Amma ba ke aka kawo min ba. Ban ga aikin yarinyar nan ko shafi ɗaya ba, don haka ba zan sa hannu a kan abin da ban gani ba."

"Don Allah ki duba wahalar da na sha. Shekara guda cur..."

"Na gani. Ita ma ta sha."

A bakin ƙofa Lorna ta jira Rhoda ta yi mata dariya. Da ta yi, da Lorna ta samu wanda za ta huce a kansa. Rhoda ba ta yi ba. Ta tsaya ta dube ta ido cikin ido.

"Ni kika so ki tozarta, na sani, kuma ban yafe abin da kika yi wa ɗana a gaban mutane ba. Amma wannan yarinyar jinina ce. Da can in ta zo gona, surutunta har hana shanu cin abinci yake. Dube ta yanzu."

Ta ja hannun Amos suka wuce.

Lorna ta roƙi Vernon ya bari ta nemi wata malamar. Ya ƙi. "Ke kika zaɓi wannan da bakinki, a gaban mata takwas. Wata za ki nemo ki rufe mata ido? Magana ta ƙare."

Ƙarshen watan Agusta, da safe, Hattie ta tsaya a bakin titi da sabuwar jaka tana jiran motar makaranta. Lorna ta fito da kundin a rungume, shafi ɗari da sittin, idonta ya kumbura.

"Ki tafi da shi mana, Hattie. Ki nuna wa sabuwar malamarku abin da kika yi bara."

Yarinyar ta dubi kundin, ta dubi uwarta. Ba fushi a fuskarta, ba komai.

"Ki riƙe, Mama. Ai naki ne."

Motar ta tsaya, ta hau, ƙofa ta rufe.

Darasi: Karkataccen layin da ɗanka ya rubuta da kansa ya fi shafi ɗari da ka tsara masa don a yaba maka. Idan ka ƙwace aikin yaro saboda gudun kunya ko don ka fi wani, ba kuskurensa kaɗai ka goge ba, har bakinsa ka rufe. Ku bar yara su yi kuskure a gabanku, ku gyara musu a hankali. Ku tura wannan labari ga duk uwa ko uban da kuka san yana yi wa ɗansa aikin makaranta, ko Allah zai sa ya ajiye fensirin tun da wuri.