Sunan da Ermes Ya Jera da Lalube

Ermes Zavagno gwani ne, kuma ya san shi gwani ne, matsalarsa ke nan. A garinmu babu wanda ya kai shi iya jera ƙananan duwatsu masu launi su zama zane a bango, babu kuma wanda ya kai shi girman kai. Shagona na kofi yana kallon ɗakin aikinsa, don haka na ji tsawarsa har na ƙoshi. Wadda ta fi kowa shan tsawar ita ce Nives Pascutto, da ta shigo hannunsa koyon sana'a tana budurwa, har furfura ta fara fito mata tana nan.

Al'adarmu kuwa, duk aikin da ya fita daga ɗakin, sunan maigida yake ɗauka, ko da hannu goma ne suka yi shi.

Gidan tarihin garinmu ya ba Ermes babban bango ya zana koginmu. Ana cikin haka idonsa ya fara mutuwa, ya ɓoye wa kowa. Ni na gane ne ranar da ya miƙa hannu ya kuskure kofin da ke gabansa. Nives ta riga ni ganewa, amma ta ja bakinta ta tsuke. Ita ta zaɓi launi, ita ta fasa dutse, ita ta jera, shi kuwa yana zaune yana faɗa.

A kife ake manna duwatsun kan takarda, fuskarsu a ɓoye. Sai an kafa su a siminti, an jiƙa takardar an ɓare, sannan zanen yake bayyana. Ranar buɗewa aka ɓare takardar a gaban jama'a. Kai! Sai ga kogin kamar yana gudana. Ni kaina sai da na ja da baya, kamar ruwan zai jiƙa min takalmi.

Shugaban gidan tarihin, Tarcisio Moro, ya yaye ƙyallen da ya rufe allon tagulla, ya karanta sunan Ermes, aka yi tafi. Nives tana can gefe a durƙushe, tana kwashe jiƙaƙƙiyar takarda.

Tarcisio ya ce, "Maigida, faɗa wa jama'a, ina ka samo wannan shuɗin?"

Ermes ya juya fuskarsa wajen bangon. Sannan ya ce, "Wane shuɗi? Ni ban gan shi ba. Fuskarka ma ba na gani. Nives ce ta yi bangon nan, a cire sunana."

Tarcisio ya matso ya rage murya. "Haba Maigida, rufa mana asiri. An riga an zuba tagulla, ga 'yan jarida. Haka aka saba tun kakanni."

"Kakanni da idonsu suka yi aiki."

"Ka san daga yau babu mai sake ba ka aiki?"

"Na fi ka sani."

Nives ta taso da hawaye. "Maigida, don Allah ka bari, ni ban nema ba."

Ya daka mata tsawa. "Rufe min baki, ke da har yau ba ki iya riƙe guduma ba! Da kin nema, da ban ba ki ba."

Aka fashe da dariya, wasunmu muna share ido.

Gidan tarihin ya yi ta jan ƙafa, yau taro, gobe taro. Sai Ermes ya ɗauki kujera daga shagona, kullum ya je ya zauna ƙarƙashin allon da sandarsa. Duk baƙon da ya tsaya karantawa sai ya ce masa, "Bawan Allah, kada ka wahalar da idonka, ƙarya ce. Ni ne mutumin, ni nake faɗa maka." Dole suka gaji suka cire allon, suka amince a sa sunan Nives.

Ermes ya ce ba da tagulla ba. Shi da kansa ya jera sunan da baƙaƙen duwatsu, a kife, yana lalube da yatsu. Da aka ɓare takardar, haruffan sun fito a karkace. Tarcisio ya ce a gyara, Nives ta ce wanda ya taɓa su zai gamu da ita.

Ermes bai sake samun aiki ba har ya rasu. Amma a duk faɗin bangon nan, abin da hannunsa ya yi kawai shi ne sunan Nives, kuma nan mutanen garinmu suka fi tsayawa. Wallahi ban taɓa ganin girmansa ba kamar ranar da ya ƙasƙantar da kansa.

Darasin da ke ciki: sunan mai aiki haƙƙinsa ne, kuma daɗewar al'ada ba ta halatta a danne shi. Hukuma ta binciki hannun da ya yi aiki kafin ta rubuta suna. Kai kuma da aka yaba maka a kan gumin wani, ka buɗe baki ka faɗi gaskiya, ko da abincinka zai tafi a kanta.